Matsattsakun gashi: tambayoyi da amsoshi kan ɗaura shi da kama kifi da shi a ruwan kwance

A Amurka da Kanada da Birtaniya akwai wani salon fatsa da ba a sa tana ko gutsuren nama a bakin ƙugiya. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaure wa ƙugiyar da zare har ta yi kama da wani abin da kifi yake ci, sannan a jefa ta da igiya mai nauyi wadda ita ce ke ɗaukar koton zuwa nesa. Koton gashi ke nan. A cikin ire-irensa, wanda aka kwaikwayi matsattsaku da shi yana cikin 'yan kaɗan da mai fatsar tafki ba ya yarda ya fita babu su a akwatinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai da gaske kifi yana cin matsattsaku?

Yana ci. Matsattsaku ɗan'uwan tana ne, kuma irinsa a duniya ya kai wajen 700, mafi yawansu a ruwan daɗi suke. Wanda muka sani, mai liƙe wa ƙafar mutum ko hancin saniya a bakin tafki, reshe ɗaya ne kawai na dangin. Da yawa daga cikin na tafkunan Arewacin Amurka ba ruwansu da jinin kowa: ƙananan katantanwa da tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari suke haɗiya. A jihar Minesota har sayar da wani iri ake yi da ransa a shagunan kayan fatsa, a sa shi a ƙugiya kamar yadda ake sa tana.

Sai dai in aka duba abin da tirawut, kifin ruwan sanyi da aka fi nema da wannan koto, ya ci a yini, an fi tarar da ƙananan tsutsotsin ƙwari da 'yan mitsi-mitsin halittun cikin ciyawa fiye da matsattsaku. To me ya sa kwaikwayonsa yake kama kifi haka? Ƙwari lokaci gare su, su ƙyanƙyashe su tashi su ɓace. Matsattsaku kuwa yana nan shekara zagaye, har a ƙarƙashin ƙanƙara, don haka babu watan da kifi zai gan shi ya ɗauke shi baƙo. Ga shi loma ce babba, ba ƙashi, ba ƙaya, ba ta da gudun tsira. Sannan abu baƙi siriri mai wutsil-wutsil a ruwa yana iya zama ɗan kifi, ko talibambam, ko ɗan mazari. Kifin ba ya tsayawa tantancewa.

Yaya na gaskiyar yake tafiya a ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a taɓa zare, domin duk ɗaurin a kanta ya dogara. In matsattsaku yana kan dutse ko ciyawa, sai ya dunƙule, ya riƙa takawa da bakinsa da gindinsa, don duka biyun suna da abin liƙewa. In ya tashi yin iyo kuwa, sai ya miƙe ya yi tsawo, ya baje jikinsa ya zama falle, ya riƙa kaɗawa sama da ƙasa, kamar tsumman da iska ke kaɗawa a igiyar shanya. Ba ya karkaɗa gefe da gefe irin na kifi. Kuma a hankali yake tafiya, kusa da ƙasa ko saman ciyawa, ba ya son haske.

Abu uku ke fitowa daga nan. Koton ya zama siriri. Wutsiyarsa ta zama mai taushin da ko ruwa ya ɗan motsa za ta amsa. Nauyinsa kuma ya kasance a gaba, yadda in ka ja kai zai ɗago, in ka saki ya duƙa. Wannan ɗagowa da duƙawa ita ce kaɗawar da kifi ya sani.

Wane kaya zan tanada in ina son in fara ɗaurawa?

Ba su da yawa. Abin matse ƙugiya a bakin tebur, ɗan almakashi mai tsini, kwarkwaron riƙe zare, baƙin zare mai lamba 6/0 ko 8/0, da gam mai saurin kamawa. Ƙugiya mai dogon jiki, lamba 8 ko 10 (a ƙugiyoyi, in lamba ta hau girma sauka yake yi). Ƙwayar ƙarfe mai huda da ake zurawa ta zauna a bayan idon ƙugiya. Gashin marabu na wutsiya, da wani abu mai tsitstsige na jiki, ko gashin akuyar Angora ko irin na roba mai ɗan ƙyalli da ake sayarwa a 'yan ledoji.

Ƙwayar iri biyu ce, ta tagulla da ta tongistin. Tongistin ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, ya ma fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa 'yar ƙaramar ƙwayarsa take saukar da koto da sauri ba tare da ta yi masa ƙaton kai ba. Tsadarsa ce kawai matsalar.

Mene ne marabu ɗin nan da kowa ke ambata?

Gashi ne mai laushi ƙwarai, wanda zarensa ba ya manne da juna. Asalinsa daga ƙarƙashin wutsiyar babba-da-jaka ake samunsa, tsuntsun nan namu na Afirka mai sanƙo da jaka a wuya, kuma Turawa sun daɗe suna ado da shi a huluna da riguna. Na kasuwa yanzu na talo-talon gida ne, fari, ake rina shi kala-kala. A bushe yana da tsiya wajen aiki, yana tashi yana shiga hanci. Jiƙa yatsu ka shafe shi kafin ka ɗaura, sai ya kwanta.

Yaya ake ɗaura mafi sauƙinsa?

Zura ƙwayar a ƙugiya, ƙaramin ramin yana fuskantar ido, ka matse ƙugiyar. Naɗa zare daga bayan ƙwaya har inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Tsinko zaren marabu daga gefen gashin, ka daidaita tsawonsa da tsawon jikin ƙugiya ko ya ɗan ɗara, ka ɗaure a nan. Sauran gindinsa kada ka yanke a wurin, kwantar da shi a kan ƙugiyar ka naɗe har gaba don kada jiki ya yi tudu a baya.

Sai jiki. Ka yi madauki da zaren, tsawon kamar taƙi ɗaya, ka jera gashin jikin a tsakanin zare biyun, shara-shara yadda za ka iya hangen yatsanka ta ciki. Murza madaukin har ya zama igiya mai gashi. Naɗa ta zuwa gaba, kowane zagaye ka shafe gashin baya da yatsu don kada na gaba ya danne na baya. Ka ɗaure a bayan ƙwaya, ka ƙulle, ka ɗiga gam.

Aikin bai ƙare ba. Samo ɗan buroshi mai tauri ko irin maƙalen nan mai ƙaya-ƙaya na takalmin yara, ka tsefe jikin sosai, ba tausayi. Sannan ka riƙe ƙugiyar da filaya ka tsoma ta a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, ka fito da ita ka shafe gashin baya, ka ajiye ta bushe. Za ta bushe da siffar da ka ba ta, kai siriri, jiki ya zarce ya haɗe da wutsiya ba tare da an ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. In wutsiyar ta yi tsawo, tsinke ta da farce. Almakashi yana bar mata baki a daidaice, ta yi kama da tsintsiyar fenti, kuma babu matsattsakun da ya ƙare haka.

Nawa yana yin kyau a hannu amma ba ya motsi a ruwa. Ina matsalar?

Kaya ya yi yawa. Kusan kowane sabon mai ɗauri nan yake faɗawa, don ido yana son abu cikakke, kuma wanda ake sayarwa a shago ma sau da yawa don idon mai saye aka cika shi. Marabu in ya yi kauri, zarensa na tallafar juna, sai wutsiyar ta sandare. In kaɗan ne, kowane zare yana da filin da zai buɗe ya rufe. Haka jiki: in an danƙara gashi, iska na maƙalewa a ciki, koton ya ƙi nitsewa da wuri, kuma haske ba ya ratsa shi.

Gwajin ba wuya. Cika farin bokiti ko kwano mai zurfi da ruwa, ɗaura koton a zare, ka jiƙa shi sosai, ka ja shi kaɗan ka tsaya. Wanda aka ɗaura daidai, da ka tsaya za ka ga kai ya duƙa, wutsiya ta ɗago ta buɗe a hankali, ko bayan hannunka ya daina motsi tana ci gaba da numfashi. Wanda aka cika kuwa sai ya sauka gaba ɗaya kamar yadda yake, ba abin da ya canja a jikinsa. Ka rage rabin abin da ka saba sawa, ka sake gwadawa. Sau da yawa za ka ga akwai sauran abin ragewa.

Akwai masu amfani da siririn yankin fatar zomo da gashinta maimakon marabu. Motsinta ba a magana, kuma tana jure haƙorin kifi, amma in ta sha ruwa tana nauyi, jifa ya zama aiki. A ƙananan ƙugiyoyi fatar wani kuregen daji na Amurka ta fi dacewa don gashinta gajere ne. Da ita Landon Mayer na Kolorado ya yi ɗan ƙaramin matsattsakunsa da ya yi suna.

Shahararren koton gashin nan da ake kira Woolly Bugger ma matsattsaku ne?

Ba don shi aka yi shi ba. Russell Blessing na jihar Fensilbaniya ne ya ɗaura shi a 1967, yana kwaikwayon wata ƙatuwar tsutsar ƙwaro ta cikin kogi. Wutsiyar marabu, jikin zaren karan-miski, da gashin wuyan zakara da aka naɗa daga baya zuwa gaba. Amma baƙinsa ya kama kifin tafki da ba ya ƙirguwa a matsayin matsattsaku. Denny Rickards, wanda ya yi suna a tafkin Klamath na Oregon, ya sauya masa jiki da gashi mai tsitstsige ya rage na zakaran, ya kira shi Seal Bugger. John Rohmer na Arizona kuwa ya cire gashin zakaran ɗungurungum a Simi Seal Leech, jiki da wutsiya duk abu ɗaya. In ka lura, duk gyaran da aka yi wa koton domin ruwan kwance ragi ne. Kogi yana da ƙarfin da zai motsa gashi mai tauri, tafki ba shi da shi.

Ina jin ana maganar mai daidaito. Me ya bambanta shi da sauran?

In ka rataye koto na yau da kullum a ƙarƙashin 'yar ƙwallon da ke yawo a saman ruwa don nuna kifi ya ɗauka, zai tsaya a tsaye ne, kai sama wutsiya ƙasa. Babu abin da ke iyo haka a tafki. Jerry McBride na garin Spokane a jihar Washinton shi ya samo mafita, daga baya Phil Rowley da Brian Chan na Kanada suka yaɗa ta har ta zama ruwan dare.

Dabarar ita ce a mai da idon ƙugiya tsakiyar koton maimakon bakinsa. Ana amfani da ƙugiyar da wuyanta ya lanƙwashe, idon yana kallon sama in ta kife. A samo fil irin na tela mai kai, a zura masa ƙwayar tongistin ta tsaya a kan fil ɗin, a rage tsawonsa da filaya, a ɗaure shi a kan jikin ƙugiya yadda ƙwayar za ta zarce ido zuwa gaba. Nauyin ƙwaya a gaba, nauyin ƙugiya da wutsiya a baya, zare a tsakiya. Sai koton ya kwanta a miƙe, tsinin ƙugiya yana sama, wanda hakan ma yana rage kama ciyawa.

Wurin da ake kuskure shi ne nisan ƙwayar daga ido. A ƙugiya lamba 10 da ƙwaya mai milimita 3 ko ɗan sama da haka, fara da barin tazarar kamar faɗin ƙwaya ɗaya zuwa biyu tsakaninta da ido. Kafin ka sa gam, zura zare a idon ka ɗaga ka gani. A wannan matakin ya kamata gaba ya ɗan rinjaya, don wutsiya da jiki za su ƙara nauyi a baya in sun jiƙe. In ka gamsu, naɗe fil ɗin da kyau ka shafa gam, in ba haka ba kifi na farko zai juya shi. Kuma wajen naɗa jiki ka kula kada ka binne idon, abin haushi ne ka je bakin ruwa da sanyin safiya kana neman ramin zura zare da allura.

Wace kala ce ta fi?

Baƙi, ruwan hanta, ruwan ƙasa, da kore mai duhu. In mutum yana da waɗannan huɗu ya gama. Baƙi da aka cakuɗa da ɗan ja ko ɗan shuɗi ya yi suna a yammacin Kanada: Brian Chan yana da mai jar ƙwayar gilashi da ake kira Ruby Eyed Leech, Phil Rowley kuma yana da mai baƙi da shuɗi. Ruwa in ya yi garau, a rage ƙyalli. In ya gurɓace ko gari ya yi duhu, baƙi ya fi fitowa. Muhawarar kala tana da daɗin hira, amma a ganina mutum ya canja zurfi sau uku kafin ya canja kala sau ɗaya.

Girma fa?

Na gaskiya suna iya kai santimita 10 in sun miƙe, amma kifi ya fi cin ƙanana. Koto mai santimita 3 zuwa 5 shi ne na kullum. In ruwa ya kwanta lumui, rana ta take, kifi yana bin koto yana juyawa, sauka zuwa ƙugiya lamba 12 ko 14. Manya a bar wa dare da ƙarshen kaka.

A wane ɓangaren tafki zan nema?

Tsakiyar tafki ita ce ta fi jan idon baƙo, ita ce kuma ta fi ƙarancin abinci. Abincin kifi yana inda hasken rana ke kai wa ƙasa ciyawa ta tsiro, wato daga gaɓa zuwa zurfin mita 6 ko 7 a yawancin tafkuna. Tafkunan yankin Kamloops a lardin Biritish Kolombiya na Kanada, irin su Roche da Tunkwa da Lac Le Jeune, sun shahara ne saboda faffaɗan tudun ƙarƙashin ruwa da suke da shi, mai farar laka da ciyawa shimfiɗe. Wuri mafi daraja shi ne bakin gangare, inda tudun ya ƙare ƙasa ta zurma. Kifi yana fakewa a zurfin, ya hau tudun ya ci, ya koma. Daga cikin jirgi ana gane wurin da ido, ruwa mai haske ya koma mai duhu a layi ɗaya.

Bayan wannan, nemi gefen ciyawa, ramukan da ke tsakaninta, itatuwan da suka nitse, da bakin da rafi ke shigowa. Gaɓar da iska ke bugawa ta fi wadda ta lafa, ko da yake jifa a can ya fi wuya.

Wane lokaci ne ya fi kamawa?

A tafkunan da ke daskarewa, makonnin farko bayan ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu zuwa Mayu gwargwadon tsayin wurin, lokacin ƙwari ba su fara fitowa ba kuma kifi yana jin yunwa. Sai kaka, Satumba zuwa daskarewar ruwa, sa'ad da kifi ke tara kitse. A cikin yini kuwa, asuba da almuru da ranar hadari.

Akwai 'yan kwanaki bayan narkewar ƙanƙara da ruwan sama da na ƙasa ke juyewa su cakuɗe, tafki ya gurɓace, tarkacen ciyawa ya taso. Kifi ba ya ci sosai a lokacin, gara a nemi wani tafkin. A tsakiyar zafi kuma, in ruwan sama ya haura digiri 20, tirawut yana wahala don iskar da yake shaƙa ta ragu. Wanda ke da niyyar sakin kifi bayan ya kama, ya haƙura har ruwa ya huce, don da yawa ba sa rayuwa bayan an sake su a irin wannan yanayi.

Wace igiya zan sa, kuma yaya zan san koto ya kai inda nake so?

Sanda mai lamba 5 ko 6, tsawon ƙafa 9 zuwa 10, ta isa. Igiya kuwa uku ce: mai yawo a sama, mai nitsewa a hankali (inci 1 zuwa 2 a daƙiƙa), da mai nitsewa da sauri, wadda lambarta ke nuna kimanin incin da take sauka a daƙiƙa. Ta tsakiyar ita ce uwar aiki a ruwan da bai wuce mita 3 ko 4 ba, don tana barin ka ja a hankali ba tare da koto ya faɗa ciyawa ba.

Zurfi da ƙirga ake saninsa. Igiya mai lamba 3 tana sauka kimanin santimita 7 da rabi a daƙiƙa, ke nan mita 3 zai ci daƙiƙa 40. Mai lamba 6 rabin haka. Ka jefa, ka miƙar da igiya, ka ƙirga 10, ka ja. Jifa na gaba 15, na gaba 20, har ka ji kifi ko ka fito da ciyawa a ƙugiya. In ciyawa ce, rage biyar ka tsaya a nan. Daƙiƙa 40 tana da tsawo in mutum yana zaune yana kallon ruwa, kuma yawancin waɗanda ke cewa tafki ba kifi a 15 suke fara ja.

A ɗaura koton da ƙulli mai barin ɗan madauki a gaban ido, kada a shaƙe shi, don ya samu sakewar ɗaga kai da duƙawa. Zaren gaba kuma, wato siririn zaren da ke tsakanin igiya da koto, kada ya gaza mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4. Cafkar da ake yi wa wannan koto ba ta wasa ba ce.

Yaya ake jan sa?

A hankali, sannan a ƙara sassautawa. Kan sanda ya taɓa ruwa ko ya ɗan nitse, yana kallon igiya, don kada a samu sako-sako tsakaninka da koto. Ja biyu aka fi yi. Ɗaya shi ne tattara igiya a tafin hannu da yatsu, kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Ɗayan shi ne jan santimita 10 zuwa 15 sau uku ko huɗu, a tsaya daƙiƙa biyu ko uku, a sake. Kifi ya fi ɗauka a lokacin tsayawar, sa'ad da koto ke duƙawa, sai ka zo ja na gaba ka ji nauyi.

In saura kamar tsawon sanda biyu, kada ka fizge don sake jifa. Ɗaga sandar a hankali har koto ya kusa fitowa, ka bar shi ya rataya na 'yan daƙiƙu. Masu fatsar manyan madatsun ruwan Ingila irin su Rutland da Grafham sun mai da wannan ratayawa sana'a, don kifin da ya biyo koto tun daga nesa yana shakka, a nan yake yanke shawara.

Akwai ranakun da ja da sauri ke aiki, musamman a kaka ko ga kifin kiwo da aka zuba a tafki kwanan nan. Amma wannan tsokana ce, a gwada ta bayan an gwada ta farko.

Rataye shi a ƙarƙashin 'yar ƙwallo ba zaman banza ba ne?

Wasu tsofaffin hannu suna raina shi, suna cewa ba fatsar gashi ba ce. Kifi dai bai san wannan muhawara ba. Amfaninsa shi ne koto yana zama a zurfi ɗaya muddin kana so, abin da igiya mai nitsewa ba za ta iya ba. Ka kafa jirgi da anka biyu, gaba da baya, don kada ya riƙa juyawa. Maƙala ɗan abu mai nauyi a ƙugiyar ka saukar har ƙasa don ka san zurfin, sannan ka sa ƙwallon yadda koto zai tsaya santimita 30 zuwa 60 sama da ƙasa ko saman ciyawa. Idon tirawut ya fi ganin abin da ke samansa, saboda haka gara koto ya wuce kansa da ya faɗa ƙarƙashinsa. In zurfin ya fi tsawon sanda, akwai ƙwallon da ke sakin zare ya zame in kifi ya kamu, shi za ka nema.

Ƙaramar igiyar ruwa ita ke yi maka aikin: tana ɗaga ƙwallon tana saukewa, koto mai daidaito yana kaɗawa a ƙasa. Jefa shi gefen iska ka bar shi ya tafi da kansa. In ruwa ya kwanta, ka riƙa ɗan jan taƙi ɗaya jefi-jefi. Kuma ba kullum ƙwallon ke nitsewa ba, wani lokaci karkata kawai zai yi, ko ya ɗan matsa gefe. Ɗaga sanda.

Wanda yake son ganin iyakar wannan dabara ya dubi tafkin Pyramid a Nebada, cikin ƙasar ƙabilar Paiute. Masu fatsa a can tsani suke shiga da shi ruwa, su kafa, su hau, su jefa bayan bakin gangare cikin sanyin hunturu. A tafkin ne aka kama tirawut ɗin Lahontan mai laba 41, sama da kilo 18, a 1925, kuma matsattsaku mai daidaito yana cikin abin da aka fi ratayawa a can yau.

Kifi yana taɓawa amma ba ya kamuwa. In yanke wutsiyar?

Kada ka yi gaggawa. Sau da yawa ba wutsiyar yake cizo ba, haɗiye koton yake yi daga baya yana tahowa wajenka, sai ka ji ɗan tak kawai. In ka ɗaga sanda a nan, ka fizge koton daga gabansa. Ci gaba da ja kamar ba abin da ya faru har igiya ta yi nauyi, sannan ka ƙara ja da hannu ka ɗaga. In abin ya ci gaba, sa ƙaramin koto, ko ka duba ko wutsiyar ta naɗe a lanƙwasar ƙugiya, don koton da ya naɗe juyawa yake yi kuma kifi ba ya son sa. Tsinke wutsiya shi ne na ƙarshe, kaɗan-kaɗan.

Akwai dokokin da ya kamata in sani?

Akwai, kuma sun bambanta daga wuri zuwa wuri, har daga tafki zuwa tafki. Lasisi wajibi ne kusan ko'ina. A Biritish Kolombiya koton gashi ɗaya tak aka yarda a ɗaura a igiya, alhali a Ingila uku a jere al'ada ce. A Pyramid izinin ƙabilar ake saye, kuma dole a danne kunnen ƙugiya, wato 'yar ƙayar bayan tsini da ke hana ta fita. Gandun Yellowstone na Amurka ya hana kayan fatsa masu dalma, gandayen ƙasa na Kanada ma sun hana ƙananan nauyin dalma, saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su su mutu. Danne kunnen ƙugiya da filaya abu ne mai kyau ko doka ba ta ce ba: kifi yana haɗiye wannan koto da zurfi, kuma ranar da iska ta maido maka da shi a ƙeya za ka gode.

Zai yi aiki a ruwayenmu?

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ba ya rayuwa a Tiga ko Kainji ko tafkin Chadi. A Afirka sai wurare masu tsayi, kamar tsaunukan Kenya da Lesoto da yankin Dullstroom na Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai shi. Abin sha'awa, Kenya ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaura koton gashi na sayarwa, kuma da yawa daga abin da ke shagunan Turai da Amurka hannun 'yan Kenya ne ya ɗaura.

Amma tarwaɗa tana cin koton gashi. A Afirka ta Kudu akwai masu nemanta da shi musamman, da manyan baƙaƙe masu kauri, suna buga su a saman ruwa da ƙarfi don ƙarar ta jawo ta. A nan ƙa'idar siranta ta juye, domin a ruwa mai laka tarwaɗa da gashin bakinta da jin motsi take farauta, ba da ido ba, sai a ba ta abin da ke ture ruwa. Ƙugiya ta zama mai kauri, zaren gaba mai ƙarfi. Wanda zai gwada ya tsaya a gaɓa ko cikin kwale-kwale, kada ya kwaikwayi masu shiga ruwa har ƙugu da yake gani a bidiyo, saboda tsargiya a ruwan kwance take, inda katantanwa ke da yawa.

Yaya zan adana su kada su lalace?

Kada ka mai da jiƙaƙƙen koto akwati ka rufe. Marabu da fatar zomo suna riƙe ruwa, ƙugiya ta yi tsatsa a ƙarƙashin zare inda ba ka gani, sai ranar babban kifi ta karye. Rinin baƙi da ja kuma yana zuba ya ɓata na kusa da shi. Matse shi da tsumma, ka soke shi a wani ɗan soso a waje har ya bushe, in ka koma gida ka bar akwatin a buɗe ya kwana. Wanda ya cukurkuɗe, riƙe shi da filaya a tururin buta na 'yan daƙiƙu, gashin zai miƙe. Gashin da ba a ɗaura ba kuma a sa shi a leda mai zif, don asu da gara ba sa raina marabu.